Bahaguwar Jikin Bango

Likitan ido na garin Matara bai ɓoye wa Hemalatha komai ba. Ya ce hawan jinin ido ne, na dama ya riga ya tafi, na hagun kuma maganin ɗigawa zai ja masa kwana, amma shi ba zai iya cewa shekara ɗaya ce ko biyar ba. Ta yi godiya, ta ninke takardar ta cusa a jaka, ta hau bas ta koma Tangalle, don akwai baƙi goma sha huɗu da ke jiran abincin rana a masaukin bakin teku inda take girki.

Tana kankare kwakwa a kicin ne ta ce bari ta fara adana fuskoki a zuciya tun da sauran gani. Ta mijinta Wimalasiri ta zo nan take, har da gashin bakin da ya ƙi askewa. Ta 'yarsu Dilhani da ke aikin jinya a Colombo ita ma ta zo. Da ta nemi ta mahaifiyarta, sai ta tarar babu. Tana jin muryar, tana ganin farin zanen da ƙullin gashin a ƙeya, amma fuskar ta ƙi fitowa. Shekara goma sha tara ke nan da safiyar da teku ta hau tudu ta share unguwarsu, ta tafi da tsohuwar, da gidan, da akwatin ƙarfen da hotuna ke ciki.

Ranar Talata, ranar hutunta, ta tafi Beliatta wurin Gwaggo Emalin, ƙanwar mahaifinta, wadda ta kusa shekara casa'in amma bakinta bai tsufa ba.

"Hoton uwarki? A ina zan samo?" in ji tsohuwar. "Ni da ko nawa ba ni da shi. Sai dai in wanda ubanki ya yi a bango."

"Wane bango, Gwaggo?"

"Ashe ba ta taɓa gaya miki ba? Kunya ce. Shekarar da suka yi aure aka ba shi aikin zane a wani gidan sufayen Buddha. Da ya zo kan matar nan da ta kawo wa Buddha shinkafa da madara a gindin bishiya, sai ya ɗora mata fuskar amaryarsa, har da wushiryar. Bai tsaya nan ba, ya sa mata ludayi a hannun hagu, don uwarki bahaguwa ce. Babban sufin wurin ya yi faɗa kamar zai cinye shi. Ubanki ya ce fenti ya ƙare."

"Wane gidan sufaye ne?"

Gwaggo Emalin ta daɗe tana tauna ganyen nan da suke ci kamar goro. Ta ce akwai dutse a wurin, akwai tsamiya, kuma bas ba ya kaiwa can. Iyakar abin da ta tuna ke nan.

Da yamma Hemalatha ta sami Wimalasiri yana wanke adaidaitarsa a ƙofar gida, ta faɗa masa abin da ta ƙudurta. Ya ajiye bokitin.

"Dutse da tsamiya? Hema, kin san gidajen sufaye nawa ne tsakanin nan da Matara? Kowane tudu da nasa. Kuma a cikin lokacin baƙi, wata ukun da mutum ke ɗan ganin haske?"

"Talata kawai nake so."

"Talata ce nake kai Jamusawa yawo."

"To zan hau bas."

"Ke da ba kya ganin lambar bas?"

"Zan tambaya. Bakina bai makance ba."

Ya dube ta, ya dubi adaidaitar, ya ɗauki bokitin ya watsa wa tayar baya ruwa da ƙarfi fiye da yadda take buƙata. Talatar da ta biyo, tun ƙarfe shida yana zaune a kan kujerar tuƙi da farar rigarsa, yana danna hon.

Gidan sufaye na farko da suka je yana bakin tafki, sun tarar an yi wa bangonsa sabon fenti bara, komai na ƙyalli. A na biyun matar tana nan, amma da hannu biyu take miƙa kwanon, fuskarta kamar ta jikin kalanda. Na ukun a kulle yake, mai mabuɗin ya tafi jana'iza, sai da suka sake komowa. Hemalatha takan cire takalmi a ƙofa, ta taka duwatsun da rana ta gasa, ta ajiye furen badonta gaban mutum-mutumin Buddha, ta zuba man kwakwa a fitila, sannan ta nufi bango ta kafa masa ido ɗaya, hancinta na kusan taɓa siminti. Hannu kawai take dubawa. In ta fito kuma ba ta barin kowa: mai sayar da fure, mai gadi, tsohon da ke hutawa a inuwa, kowa sai ta tambaye shi ko ya taɓa ganin bahaguwa a jikin bango. Wasu su yi dariya, wasu su ɗauka ta taɓu. A wani wurin biri ya fizge mata furen daga hannu, ya hau katanga yana ci yana kallonta.

"Kin gani," in ji Wimalasiri, "shi ma ya ce mu koma gida."

"Ɗan'uwanka ne, dole bakinku ya zo ɗaya."

Talata bakwai suka yi a haka, gidajen sufaye goma sha ɗaya. A ta takwas ta ce Mulkirigala za su, tsohon gidan sufayen da ke cikin kogunan dutse.

"Wannan kam ɓata mai ne," ya ce. "Zanen can tun zamanin sarakuna yake, kafin a haifi kakan ubanki. Sau biyu a mako nake kai baƙi."

"Ka taɓa duba hannun?"

Gaskiyar ita ce shekara ashirin yana kai mutane gindin dutsen nan, amma a rumfar mai shayi yake jiransu.

Matakala ɗari biyar da 'yan kai ne zuwa ƙololuwa. Ta bi kogunan ɗaya bayan ɗaya, inda Buddha ke kishingiɗe a cikin duhu mai sanyi, rufin dutsen duk zanen furanni. Mijinta ya yi gaskiya, wannan aikin ba na hannun mahaifinta ba ne, tun a kogo na farko ta gane. Duk da haka ba ta juya ba, don ta san in ta bar kogo ɗaya ba ta duba ba, shi zai hana ta sakat. A matakalar ƙarshe, wadda aka sassaƙa a jikin dutsen tsaye, da hannu da gwiwa ta hau, Wimalasiri na bayanta yana haki yana cewa in ta faɗo a kansa ba zai yafe ba. A sama ya nuna mata inda teku take. Ita kore kawai ta gani, da wani farin hazo.

Suna saukowa ta zauna kusa da bishiyar bo, wadda mabiya Buddha ke girmamawa. Wata tsohuwa cikin fararen kaya tana share ganye a wurin. Hemalatha ta gaji har ba ta son magana, amma ta saba, sai ta yi tambayarta.

Tsohuwar ta tsayar da tsintsiya. "Bahaguwa? Mai wushirya?"

Hemalatha ta miƙe ba ta san ta miƙe ba.

"Ai ta ƙauyenmu ce, Malhengoda. Muna yara in ɗayanmu ya miƙa abu da hagu, sai iyayenmu su ce, za ki zama irin ta jikin bango. Amma 'yar nan, rabona da can tun da aka kawo ni aure nan. Na ji an gina sabon ɗakin ibada. Ban sani ba ko tsohon yana tsaye."

Talata ta tara Hemalatha ta tashi da asuba ta yi girki irin wanda ba ta yi wa baƙin masauki: jar shinkafa, kifi mai tsami da ya sha barkono, miyar ganye da kwakwa. Hanyar Malhengoda ta bi ta cikin fadamun shinkafa da gonakin kirfa, kwalta ta ƙare, adaidaita ta yi ta tsalle har Wimalasiri ya daina tsokana ya riƙe kan adaidaitar da kyau. Dutsen ne ya fara bayyana, sannan tsamiyar, ƙatuwa, ta rufe rabin farfajiyar.

Sun isa kafin tsakar rana, lokacin da sufaye ke cin abincinsu na ƙarshe. Su uku ne kacal a gidan. Babbansu mutum ne da bai wuce hamsin ba, da tabarau, da waya a naɗe cikin mayafinsa. Ya ci, ya yi musu addu'a, ya yaba kifin. Sai ta durƙusa ta miƙa masa damin ganyen taunawa da hannu biyu, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Tsohon ɗakin ai ya zama sito," ya ce. "Rufin ya ruɓe, bara wani gungume ya faɗo. Jemagu ne a ciki, an kuma ga maciji. Bayan bikin sabuwar shekararmu na watan Afrilu za a rushe shi. Ki yi haƙuri, Inna, ba zan ɗauki alhakin ranki ba."

"Ranka ya daɗe, leƙawa kawai zan yi."

"Babu abin gani. Danshi ya cinye bangon."

Ya tashi ya shige ɗakinsa. Wimalasiri ya tattara kwanuka, ya ce a hankali, "To, mun yi iya yinmu. Tashi."

Ta tashi, amma ba wajen adaidaita ta nufa ba. Ta zagaya bayan wata farar ƙubba, ta sami tsohon ginin a jingine da dutse, da ƙofar katako da ƙaton kwaɗo mai tsatsa. Ta zauna a kan dakalin ƙofar, ta gyara zanenta.

"Hema, me ke nan?"

"Hutawa nake."

"A cikin wannan ranar? Ga inuwar tsamiya can. Kada ki ja mana abin kunya a gidan mutane."

"Kai je ka inuwar."

Ya tafi, ya dawo da lema ya riƙe mata, ya gaji ya ba ta ta riƙe da kanta. Ƙarfe ɗaya ta wuce, biyu ta wuce. Gumi ya jiƙe mata riga. Lokacin maganin idonta ya yi, ta ɗaga kai ta ɗiga, ta ci gaba da zama. Wajen ƙarfe uku babban sufin ya fito zai duba ma'aikatan da ke yanke ciyawa, ya hango ta, ya tsaya.

"Inna, har yanzu kina nan?"

"Ina nan, ranka ya daɗe."

"Sai yaushe?"

"Ido ɗaya ya rage mini, shi ma likita ya ce ba zai daɗe ba. Wata biyu ina yawo da shi daga wannan gida zuwa wancan. Uwata tana bayan ƙofar nan. In ka ce in tafi zan tafi, don gidanka ne. Amma Talata mai zuwa a nan za ka same ni, da wadda ke biye da ita."

Sufin ya dubi Wimalasiri. Wimalasiri ya buɗe hannuwa. "Shekara talatin da takwas da aurenmu, ranka ya daɗe. Ban taɓa cin gardama ba."

Aka kawo tarin mabuɗai, babu wanda ya juya a cikin tsatsar. Daga ƙarshe sufin ya ce a ɓalle, Wimalasiri ya ɗauko ƙarfen kwance taya ya yi wa kwaɗon bugu uku. Ƙofar ta buɗe da ƙara, warin kashin jemage ya buge su, 'yan jemagun suka yi ta shawagi a sama. Buhunan siminti ne da suka daskare, da karyayyun kujeru, da tsofaffin gangunan biki da fatarsu ta yage, an jibge su har kusan rufi a jikin bangon gabas.

"Ki tsaya a bakin ƙofa," in ji sufin. Ba ta tsaya ba. Ta kama ƙafar wata kujera ta ja. Da ya ga haka sai ya tattare mayafinsa ya ɗaure a kafaɗa, shi da Wimalasiri suka shiga jan buhuna. Sun fi awa ɗaya suna yi. Maciji bai fito ba, sai kunama guda, wadda sufin ya kwashe a kan guntun kwali ya kai waje.

Da bangon ya buɗe, Hemalatha ba ta ga komai ba sai duhu-duhu. Sufin ya kunna fitilar wayarsa, hasken ya taru wuri ɗaya ya kashe mata ido. Ta shafa bangon da tafin hannu, ta ji sanyin danshi da ɓawon fenti.

"Ba na gani," ta ce.

Wimalasiri ya fita da gudu. Suka ji yana ƙwanƙwasa wani abu, sai ga shi da madubin adaidaita ya kwance shi. Ya tsaya a bakin ƙofa inda ranar yamma ke bugawa, ya yi ta karkata shi har wani faffaɗan haske ya faɗa a kan bangon.

Danshi ya cinye daga ƙasa zuwa ƙugu. Bishiyar ta koɗe, Buddha kansa sai inuwarsa ta rage. Amma matar tana nan a durƙushe, tukunya a gabanta, ludayi a hannun hagu. Hemalatha ta matsa har numfashinta na taɓa bangon, ta bi hannun zuwa kafaɗa, zuwa wuya, zuwa fuska.

Yarinya ce. Kumatu cike, baki a buɗe da murmushi, ga wushiryar. Hemalatha ta daɗe tana kallo.

"Ba ita ba ce."

"Ita ce mana," in ji Wimalasiri daga ƙofa. "Ga hagun nan."

"Wannan yarinya ce 'yar shekara sha tara. Ban san ta ba."

Uwar da ta sani gwauruwa ce ramammiya, wadda miji ya mutu ya bar mata yara huɗu tun Hemalatha na 'yar shekara tara, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana murza igiyar kwakwa, bakinta kullum a tsuke. Wannan ta jikin bangon ba ta san komai a cikin wannan ba tukuna.

Hannun Wimalasiri ya motsa, hasken ya haura kaɗan zuwa goshi. A nan ta ga girar. Ta hagu a ɗage take sama da ta dama, idon kuma ba Buddha yake kallo ba, ya karkato gefe wajen mai zanen, kamar tana cewa, ka gama ko in tashi? Kallon da uwar take yi musu ke nan suna yara in sun dawo daga bakin teku da jiƙaƙƙun kaya suna rantsuwa ba su shiga ruwa ba. Daga girar nan sauran fuskar ta dawo mata gaba ɗaya, tsohuwar fuskar, da tamojin goshi da ramin kumatu da komai. Hemalatha ta dafa bango ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka daina neman gawar.

Can Wimalasiri ya yi gyaran murya.

"Surukata ke nan. Har a bango hararata take." Ya ja hanci. "Hema, hannuna zai tsinke."

"Riƙe."

Ya riƙe har rana ta faɗa bayan dutsen.

A waje sufin ya wanke hannu a famfo, ya ce shekara ashirin da biyu yana gidan nan bai taɓa tsayawa ya dubi bangon ba. Hemalatha ta goge fuska da bakin zane.

"Ranka ya daɗe, ba za a rushe shi ba."

"Ba ni kaɗai ke yankewa ba, Inna. Kwamitin ƙauye ne. Suna zama ranar da farin wata ya cika."

"Ƙarfe nawa?"

Ranar cikar wata ta nemi izinin uwar ɗakinta, ta zo. Dattawa tara ne a zaune a rumfar wa'azi, mafi yawansu sun riga sun ƙudurta wurin zai zama ɗakin karatu. Ba ta iya jawabi ba, ta faɗi sunan mahaifinta, Sediris mai zane, da na mahaifiyarta, Podihami, da yadda teku ta tafi da ita. Wani dattijo ya ce shi ma an zage shi da bahaguwar nan yana yaro, aka yi dariya. Shugaban kwamitin ya ce ginin dai ba zai tsaya ba, haɗari ne. Ta ce ba ginin take roƙo ba, bango ɗaya ne. Aka yi ta ja har shayi ya huce. Daga ƙarshe suka yarda a bar bangon gabas a tsaye a gina ɗakin karatun a jikinsa, in dai za a sami masu yi masa rumfa kafin ruwan watan Mayu, don su ba su da hannun yi kafin lokacin.

Wimalasiri ya kai maganar tashar adaidaita ta bakin teku. Ranar wata Lahadi adaidaita shida suka kama hanyar Malhengoda a jere, da kwanon rufi da katako ɗaure a samansu, Hemalatha na cikin ta gaba da tukwane tsakanin ƙafafunta. Dilhani ta zo daga Colombo ta ɗauki hoton bangon ta kowace kusurwa. Kafin magariba rumfar ta tsaya, a ɗan karkace, amma ta tsaya.

Ruwan farko ya sauko wata Alhamis da hantsi, mai ƙarfi, har baƙin masauki suka gudo daga bakin teku. Hemalatha ta sauke tukunya, ta sa mai share ɗakuna ta danna mata lambar babban sufin.

"Ranka ya daɗe, ana ruwa a wajenku?"

"Kamar da bakin ƙwarya, Inna."

"Yana yoyo?"

"Ba ya yoyo."

"Ka je ka duba?"

Ta ji ƙarar ruwa a kan kwano ta cikin layin.

"Zan jira," ta ce.

Ta ji ya yi ajiyar zuciya, ta ji ƙarar buɗe lema, sannan takunsa a cikin taɓo. Ta tsaya da wayar a kunne tana juya miya da ɗaya hannun, har ya dawo kan layi ya ce bangon a bushe yake, sai dai ɗigo ɗaya ta kusurwar arewa, nesa da zanen. Ta ce to, Talata za su zo da ƙusa.